Hoton Baba Ya Daskare

Tun da ciwon mantuwa ya kama Baba, Auta ta dawo da aikinta gida. Sana'arta haɗa bidiyo: a kawo mata abin da aka ɗauka, ta yanke, ta jera, ta ɗora murya. Ɗakin aikinta yana saman bene, na Baba yana ƙasa kusa da ƙofar fita. Shi ya sa ta kafa 'yar kyamara a kan kwabar ɗakinsa, hoton yana fitowa a kusurwar allon kwamfutarta. Tana aiki tana satar kallonsa.

Ran nan da hantsi, bayan ta ba shi magani ya kwanta, kwamfutar ta soma ja da ƙyar. Tallan wani shagon takalma take son fitarwa kafin yamma, amma layin da ke nuna ci gaban aikin ya ƙi matsawa. Ta kira yayanta mai gyaran kwamfuta, wanda ke zaune a wani gari.

"Yaya, tsohuwar nan da ka ba ni za ta kashe ni. Tafiyar hawainiya take yi."

"Yau kuma tsohuwa ce? Ranar da kika karɓa har rawa kika yi."

Ya yi mata bayani cewa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, raba lokacinsa yake tsakanin manhajoji, kowacce tana bin layi.

"Ki buɗe wurin da ake ganin ayyukan da ke gudana. Manhajar bidiyon ki ɗaga ta zuwa matakin ƙoli, ta riƙa shiga gaban kowa. Sauran ki sauke su can ƙasa, su jira ta gama."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana saukewa, ba ta tsaya karanta sunayensu ba. Fankar kwamfutar ta ɗauki gurnani, aiki ya kama gudu.

Ta duba kusurwar allo. Baba yana kwance a gefen dama, hannu ƙarƙashin kunci. Ta miƙe ƙafa ta sha ruwa, ta amsa saƙonnin waya. Ta sake dubawa, yana nan yadda yake. Har daɗi ta ji, don ya kwana biyu bai samu barci irin wannan ba.

Can ta ƙura wa hoton ido. Ƙirjin Baba ba ya ɗagawa.

Ta matso har hancinta ya kusa taɓa allo, tana jiran ya ja numfashi, bai ja ba. Sai idonta ya kai kan labulen taga. Iskar fanka ta ɗaga shi, ya tsaya cak a sama, ya ƙi saukowa. Hoton ne ya daskare. Manhajar kyamarar tana cikin waɗanda ta sauke, kuma ba ta san tun yaushe take kallon abin da ya wuce ba.

Ta sauka a guje. Gado babu kowa. Ƙofar gida a buɗe, takalman Baba suna ajiye a bakinta.

Mai facin taya na bakin layi ya ɗago kai da ta tambaye shi.

"Ya wuce tun ɗazu, har mun gaisa. Wajen babban titi ya nufa. Na ɗauka kin sani."

Ta wuce shagon aski da kantin magani tana leƙa kowane lungu. Daf da mararraba ta hango mutane sun yi cincirindo. Ta kutsa tana ture su, ashe babur ne ya kife da kwalayen sabulu.

Da ta juya ne ta gan shi. Yana tsaye a kan siririn simintin da ya raba titin biyu, ƙafa ba takalmi, manyan motoci suna wucewa ta gabansa da bayansa, iskarsu tana kaɗa masa riga. Yana sauke ƙafa ɗaya kan kwalta yana mayarwa.

Ta buɗe baki za ta kira shi, ta fasa. In ya ji ya waiwayo, zai iya takowa. Ta ɗaga hannu ta shiga titin, wani direba ya taka burki yana zaginta. Ta isa ta kama hannunsa da hannuwanta biyu.

Ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba.

"Baiwar Allah, ko kin ga 'yata? An tashi daga makaranta. Ƙarama ce, ba ta iya tsallaka titi ba."

"Na gan ta, Baba," ta ce. "Ta riga ta isa gida. Mu je."

A gida ta wanke masa ƙafa, ta cire wani ɗan tsinin kwalba a dugadugansa, ta kulle ƙofa ta sa makullin a aljihu. Sannan ta kira Yaya ta faɗa masa.

"Ban san kyamarar a kan kwamfutar take ba," ya ce. "Ki kashe ta ki kunna, komai zai koma yadda yake. Yana ina yanzu?"

"Ga shi nan yana shan shayi."

"Ba ni shi."

Ta riƙe wa Baba wayar a kunne, ta zauna kusa da shi.