Kujerar Lester

"Ba za ta taka gidan Lester ba," na ce wa matata Charlene ina ɗaure igiyar takalmi.

"Vernon, mutumin nan fa kwanakinsa sun ƙare."

"To su ƙare ba da 'yata ba."

Nadine, 'yarmu mai shekara tara, tana zaune a matakala da wata takarda a ninke a hannunta.

Lester Pruitt maƙwabcinmu ne a nan birnin Toledo na Amurka, shinge kawai ya raba mu. Tsohon mahauci ne, matarsa ta daɗe da rasuwa. Shekara uku Nadine tana zama wurinsa bayan makaranta har in dawo daga tuƙin bas. Ni ina da tsarina: duk abin da yarinyar nan za ta kalla, sai na fara kallonsa ni kaɗai da littafi da biro, in rubuta a minti na nawa aka yi ashar, a na nawa aka tuɓe riga. Lester ya san da haka. Amma ya zaunar da ita gaban shirin nan da ake ɗora wani tauraro a kujera, abokansa su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya suna ci masa mutunci, shi yana ta dariya. Sau ɗaya na taɓa duba irinsa. Kafin minti goma na cika shafi biyu.

Ranar walimar ritayar malamar ajinsu, Nadine ta miƙe ta juye wa matar abin da ta koya, a kan ƙibarta da mijin da ya gudu ya bar ta. Malamar ta fashe da kuka. Aka dakatar da Nadine kwana uku, ni kuma na tsaya gaban shugabar makaranta kamar an kama ni da kayan sata.

Na sami Lester a kujerarsa ta baranda. Dariya ya yi har da dukan cinya.

"Haba Fasto! Yarinyar nan a ganinta karrama matar ta yi. Wanda ake so ai shi ake yi wa tsiya."

Tun daga ranar na zama Fasto a bakinsa, har 'yan layinmu suka ɗauka. Na hana Nadine ko ɗaga masa hannu. Yana ajiye mata alewa a kan shinge, ina zubawa a shara. Da ciyawar gidansa ta yi tsawo, na kira hukumar gari suka manna masa takardar gargaɗi a ƙofa. Ban san ciwo ne ya hana shi yankewa ba. Ko da na sani, ban ce da na fasa ba.

Da likitoci suka sallamo shi ya ƙarasa a gida, sai ya aiko cewa ranar Lahadi bayan coci yana son a yi masa irin na taurarin nan. "Ku zo ku zage ni tun ina ji. Fasto ya zo da littafinsa, ya zo min da Nadine."

Littafin na ɗauka. Kwana huɗu na yi ina cika shi.

Mu takwas ne a falon, da soyayyiyar kaza a farantan takarda. Ma'aikaciyar jinya ta shigo da kujerar barandar, aka ɗora shi a kai, robar iska a hancinsa. Tsofaffin abokan aikinsa suka yi nasu: wani ya ce shekara talatin Lester yana danna sikeli, yana sayar da babban yatsansa a kuɗin nama. Sai aka zo kaina.

Ni ba wasa na zo yi ba. Na ce matarsa mutuwa ta zaɓa don ta huta da bakinsa. Na ce ɗansa da ke Denver bai zo ba saboda ya fi mu saninsa. Lester kuwa ya ƙyalƙyale har tari ya sarƙe shi, hawaye na bin robar.

"Kai! Ashe Fasto mugu ne! Wallahi ban san kana sona haka ba." Ya share ido, ya leƙa bayana. "Ina gwanar? Ina Nadine? Ita na bar wa ƙarshe."

Na rufe littafin a hankali.

"Na duba shirin," na ce. "Bai dace da yara ba."

Duk zagin da na kwana huɗu ina wasawa bai taɓa shi ba. Wannan ya taɓa shi. Ya dube ni, ya dubi ƙofa, ya gyaɗa kai. Ya ce wa ma'aikaciyar ta mayar da shi gado, ya gaji. Na fito ina jin daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ranar Talata da hantsi ya cika.

Da na dawo daga aiki na tarar da takardar Nadine a kan teburin kicin. Da biro a hannu na karanta ta, kamar kullum. Layi biyar ne. Cewa kunnuwan Mista Lester sun fi kansa gashi. Cewa miyarsa ko kare sai ya yi addu'a kafin ya sha. Na kai ƙarshe ban sami abin ja wa layi ba.

Da yamma ta ɗauke takardar ba tare da ta dube ni ba. Ta taga na hango ta a bakin shinge. An mayar da kujerar baranda, bargonsa na kai. Tana karantawa da ƙarfi, kuma bayan kowane layi sai ta ɗan dakata, kamar yadda suke yi a shirin.