Kwano Biyu na Koren Wake

Da wani ya tsaya ya yi wa Orval Nystrom bayani na minti ɗaya, da abin da ya faru a teburin gidan Hovland ranar bikin Godiya bai faru ba. Amma a wannan ɗan garin na arewacin Minnesota ba a yi wa mutum bayani a kan gasasshen koren wake. Ana ɗauka kowa da saninsa aka haife shi.

Orval direban motar makaranta ne, shekararsa hamsin da huɗu. Shi kaɗai yake zaune tun da matarsa ta koma Arizona ta auri wani likitan haƙori. 'Ya ɗaya gare shi, Janelle, wadda ta auri Curtis Hovland shekara biyu da suka wuce, yanzu kuma tana da cikin wata bakwai. Bikin Godiya, wanda dangi ke taruwa a ci talotalo a ƙarshen Nuwamba, a gidan Ardis ake yin sa, wato uwar Curtis, kuma ba alamar za a taɓa yin sa a wani wuri. Jikan da ke tafe a can zai ci talotalonsa na farko, da na biyu, da duk na bayansu. Idan Orval yana son ganin wannan da idonsa, sai ya samu kujera a teburin nan.

A gidan Ardis kuwa, abin da aka ce ka kawo shi ne matsayinka. Baƙo ƙanƙara ake ce masa ya kawo. Wanda aka fara sabawa da shi, burodi. Abinci mai zafi, wanda ke shiga tanderu, sai ɗan gida, kuma wanda aka ba wa ya zama nasa har ya bar duniya. Mai ƙanƙara ana iya mantawa da shi wata shekarar, ba faɗa ba komai, waya ce kawai ba za ta yi ƙara ba. Mai abinci mai zafi ba a mantawa da shi, don tebur zai yi giɓi. Shekara biyu Orval yana kawo ƙanƙara, a garin da ƙanƙara ke kwance kyauta a ƙofar gidan kowa.

Makon farko na Nuwamba wayar ta zo.

"Orval, Ardis ce. Ka ji Marlys ta zame a ƙofar coci?"

"Na ji. Yaya hannun?"

"Ya karye. Na dama. To, bana kai za ka kawo koren wake. Mutum goma sha huɗu. Ƙarfe ɗaya ake zama."

Ta kashe wayar kafin ya ce ya gode. Marlys yayar Ardis ce, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan ita ke kawo koren wake. Orval ya daɗe tsaye da waya a hannu. Daga ƙanƙara zuwa tanderu, bai ko bi ta burodi ba. Bai taɓa jin an yi wa wani haka ba.

Ya san yadda ake yin abincin, kamar yadda kowa ya sani. A buɗe gwangwanin wake, a buɗe gwangwanin miyar laimar kwaɗi, a zuba madara kaɗan, a juya, a barbaɗa soyayyiyar albasar kanti a kai, a tura tanderu. Minti goma an gama. Amma sai ya ga mutumin da aka yi wa irin wannan karamci bai kamata ya zo da aikin minti goma ba. Nan ne kuskuren ya fara, kuma daga kyakkyawar niyya ya fito.

Ya je ɗakin karatu na gari, matar da ke wurin ta buga masa takarda shafi uku. Ɗanyen wake ake so, a cire masa kai da gindi ɗaya bayan ɗaya, a tsoma shi a tafasasshen ruwa minti huɗu, a tsame a jefa a ruwan sanyi. Laimar kwaɗi a yanka a soya da man shanu, a zuba fulawa, a zuba madara mai kauri a hankali ana juyawa kada ta yi gudaji. Albasa a yanka ta siriri, a turbuɗe ta da fulawa, a soya ta da hannu.

Sau uku ya gwada. Na farko albasar ta ƙone, ƙararrawar hayaƙi ta yi ta kuka har maƙwabciyarsa ta leƙo ta tambaye shi ko ya fara shan taba ne. Na biyu miyar ta yi kauri, cokali ya tsaya a cikinta a miƙe. Na uku ya kai wa masu gyaran motocin makaranta a gareji, suka cinye a tsaye, ɗayansu ya tambaye shi ko ya yi sabon aure bai gaya wa kowa ba. Janelle kam bai gaya mata komai ba. So yake ta gani da idonta.

Ta gani. Ranar bikin ya iso sha biyu da rabi, kwano naɗe cikin tawul biyu a kujerar gaba, ya ɗaura masa bel ɗin mota. Janelle ta fito tarbarsa, hannu ɗaya dafe da ƙugu, ta ɗaga murfin.

"Baba, me ya sa yake kore haka?"

"Koren wake ne, Janelle."

"Na Inna Marlys ba kore ba ne. Launinsa kamar rigar soja da ta sha wanki." Ta sunkuya ta shinshina. "Wai da hannunka ka soya albasar nan?"

"Guda shida."

"Wayyo, Baba."

"Ba daɗi ne?"

"Da daɗi mana. Matsalar ke nan."

Bai samu damar tambayarta ba, don a lokacin wata tsohuwar mota ta tsaya a bayan tasa. Marlys ta fito, hannun dama a ɗaure rataye a wuya, hannun hagu riƙe da kwando. A cikin kwandon akwai kwano, kuma tururi na fita ta gefen murfinsa.

Ardis ta fito bakin ƙofa da cokalin miya a hannu. "Marlys, ai na ce ki huta."

"Kin ce. Ni ban ce na yarda ba."

"Yaya aka yi kika buɗe gwangwani?"

"Da hannun hagu da gwiwoyi biyu. Ba mutuwa na yi ba, Ardis, faɗuwa na yi." Sai ta juyo ta dubi tawul ɗin da ke hannun Orval. "Wannan fa?"

"Koren wake ne," in ji Orval.

"Af. Ashe bana muna da yawa."

Ardis mace ce mai adalci. Ta ajiye kwanonin biyu gefe da gefe a tsakiyar tebur, tsakanin talotalo da murjajjen dankali, ta sa wa kowanne cokali iri ɗaya. Mijinta Lyle ya yi addu'a, gajeriya kamar kullum. Aka fara miƙa kwanoni ta hannun dama. Kowa ya ɗebi cokali ɗaya na Marlys, cokali ɗaya na Orval, daidai wa daida, har wasu suna karkaɗe cokali don kada ɗaya ya fi ɗaya. Ba wanda ya ce uffan a kan wake. Aka yi maganar sanyi, da farautar barewa, da sabon faston da ke tsawaita wa'azi.

Da haka za a tashi lafiya, ba don Lyle ba. Lyle kunnensa ɗaya ya mutu, kuma yana magana kamar kowa ma nasa ya mutu.

"Wa ya yi wannan mai ƙaras-ƙaras ɗin?"

"Orval ne," in ji Ardis. "Ci talotalonka."

"Kai! Ashe haka ya kamata abin nan ya zama? Shekara talatin ni na ɗauka dama can..."

"Lyle. Talotalo."

"Miƙo min shi nan, Curtis."

Curtis ya miƙa wa ubansa, kafin ya saki kwanon shi ma ya ƙara cokali biyu. Orval ya ji motsi a ƙarƙashin tebur, ya ga Curtis ya ɗan zabura ya dubi matarsa. Amma an riga an buɗe hanya. Ƙanwar Curtis ta ce ita albasar kawai take so ta ɗanɗana, ta ɗebo har da abin da ke ƙarƙashin albasar. Mijinta bai ba da wani dalili ba. Kwanon Orval ya fara nuna gindinsa. Na Marlys yana nan yadda zagayen farko ya bar shi, fata ta fara kwantawa a kansa.

Marlys kuwa tana yanka namanta da gefen cokali mai yatsu, da hannun hagu, a hankali, kuma ta ƙi yarda kowa ya yanka mata.

A nan ne Orval ya gane abin da Janelle take nufi. Ba an kira shi ya nuna gwaninta ba ne. An kira shi ya riƙe wa tsohuwa wurinta har hannunta ya warke. Yanzu ga shi ya sa an kunyata ta a teburin ƙanwarta, a gaban yaran da ta goya. Ardis ba za ta zaɓe shi ta bar yayarta ba. Duk cokalin da aka ƙara daga kwanonsa, kujerarsa ce ke ƙara matsawa kusa da ƙofa.

"Don Allah a miƙo min na Marlys," ya ce.

Ya cika rabin farantinsa. Waken ya yi laushi, ba ya buƙatar haƙori, gishirinsa kuma ya isa mutum uku. Ya cinye. Ya sha ruwa. Ya sake cewa a miƙo. A karo na uku ba wanda ya miƙa masa, don kwanon ya riga ya zauna a gabansa. Talotalon da ke farantinsa ya huce bai taɓa shi ba. Yana ci yana auna kwanonin biyu da ido, kamar yadda yake auna tazarar mota a madubi. Duk sanda Lyle ya ƙara daga wancan, shi sai ya ƙara daga wannan.

"Baba, ka tuna abin da likita ya ce maka a kan gishiri," Janelle ta ce ƙasa-ƙasa.

"Yau biki ne."

A karo na huɗu Marlys ta ajiye cokalinta. "Kana son sa haka ne, Orval, ko yunwa ka kwana da ita?"

"Irin wanda mahaifiyata take yi ne." Wannan gaskiya ce. Bai ƙara da cewa tun yana yaro yake tura wa kare shi ta ƙarƙashin tebur ba.

"Mahaifiyarka 'yar ina ce?"

"Daga wajen Fergus Falls."

"Hmm," in ji Marlys. "Su can suna cika madara." Ta ɗauki cokalinta ta ci gaba.

Sanda aka kawo kek ɗin kabewa, kwanonin biyu duk sun zama wayam. Orval ne ya kankare kusurwar ƙarshe ta na Marlys. Ya ce a gafarce shi, kek sai anjima, ya fita ya zauna a matakalar baya cikin sanyi, ya sassauta bel ɗinsa rami biyu. Maza suka koma kallon ƙwallo. Mata suna kicin suna rarraba ragowar abinci a robobin bota, yana jiyo ƙarar murafe.

Janelle ta fito da rigar sanyin mijinta a kafaɗa, ta zauna kusa da shi da ƙyar.

"Ka cinye rabin kwano."

"Ya fi rabi."

"Kana lafiya?"

"Ƙafafuna sun kumbura. Me suke cewa a ciki?"

"Ba komai. Maganar labule suke yi."

"Labule," in ji Orval. Ya san a gidan nan idan abu ya yi nauyi, maganar labule ake yi.

Ƙarfe huɗu aka fara watsewa don a riga duhu. Orval yana goge dusar ƙanƙara daga gilashin motarsa sai ga Marlys ta tsaya a gefensa, kwandonta a gwiwar hannu. Ta sa haƙori ta cire safar hannun hagu, ta laluba aljihu, ta miƙo masa wani ɗan kati. Katin ya tsufa, gefensa ya yi laushi, ga tabon mai a tsakiya. Layi biyar ne a kai, da rubutun hannu.

"Gwangwanin miya biyu, ba uku ba," ta ce. "Kuma ba a soya albasa a gida. Gida wari yake yi har Kirsimeti."

"Na gode, Marlys. In kwafa in dawo miki da shi?"

"Ni na haddace shi tun kana makaranta." Ta dubi hannunta da ke rataye. "Likita ya ce zai warke a Janairu. Amma likitan yaro ne, ko gemu bai fara ba."

Ta wuce motarta ba ta waiwayo ba. Ardis tana bakin ƙofa tana sallamar mutane. Ta miƙa masa kwanonsa a wanke da robar talotalo, ta ce, "Mun gode da zuwa, Orval. Ka kula da hanya." Haka ta faɗa wa wanda ke gabansa, haka ta faɗa wa na bayansa.

Ya kira Janelle washegari ya karanta mata katin, layi biyar ɗin duka. Ta ce a saninta Inna Marlys ba ta taɓa ba kowa katin nan ba, ko 'yarta ta cikinta. Ta kuma ce a saninta ba wanda ya taɓa buƙatar a gyara masa girkin wake. Curtis ya ce shi kada a sa shi a ciki. Ko Marlys ta miƙa masa aikin ne, ko kuwa nuna masa ta yi yadda ake yi don kada ya sake, Orval bai sani ba. Ardis kuwa, ba wanda ya tambaye ta.