Ranar da Zaituna Ta Kwanta a Kan Teku

Tun ranar da ƙungiyar ɗalibai ta sanar da tafiya Iskandariyya, Zaituna ta ce da ita za a je, kuma ba ta nemi shawarar kowa ba. 'Yar Damagaram ce, makauniya tun tana goye, a bana take kammala karatun ƙira'a a Alƙahira. Da zarar zafi ya wuce gida za ta koma, can inda babban ruwan da aka sani shi ne tabkin damina. Abu ɗaya ta ƙudurta a ranta: ba za ta bar Masar ba sai ta shiga teku.

Malam Rashid, shugaban tafiyar, ya tare ta a ƙofar gidan da suke haya a unguwar Abbasiya. Mutumin kirki ne, amma irin kirkin nan mai gajiyar da wanda ake yi wa.

"Malama Zaituna, wallahi ba don komai ba," in ji shi, "tafiyar ta kallo ce. Ma'alish, ki yi haƙuri, wahala kawai za ki sha."

"Malam Rashid, wahalar tawa ce ko taka?"

Sai ya sassauta ya ce, "Khalas, shi ke nan, ki zo. Amma babu mai shiga ruwa. Amana aka ba ni."

Ta yi murmushi, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Shi kuwa ya ɗauka magana ta ƙare.

Bayan sallar asuba motar ta tashi. Murja, 'yar Zariya da suke ɗaki ɗaya, ta zauna kusa da ita tana ba ta labarin hanya har barci ya kwashe ta. Zaituna ba ta runtsa ba. Da iska ta sauya ta fara kawo ƙarnin kifi da ɗanɗanon gishiri, zuciyarta ta buga kamar wadda za a kira gaban malaman jarrabawa.

Sai dai Malam Rashid yana da tsarinsa. A tsohuwar ganuwar Ƙaitbai da ke bakin teku ya ce matakalan da santsi, Malama ta huta a inuwa. Tunda kuwa za ta zauna, ai sai a bar mata jakunkuna. A babban ɗakin karatun Iskandariyya ma haka aka yi. Tana jin tekun yana dukan duwatsu nan kusa da ita, ita kuwa tana zaune tana gadin jakunkunan mutane da robobin ruwansu. Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ta haɗiye. Ko soyayyen kifin da aka ci da rana bai wuce mata da daɗi ba.

Da la'asar suka sauka bakin ruwa a Mandara. Aka yi mata mazauni a ƙarƙashin laima, aka jibge kaya a gefenta, kowa ya ruga. Daga muryoyinsu ta gane abin da suke yi: wajenta suke fuskanta, ba wajen ruwan ba. Mutane sun taso takanas daga Alƙahira, sun zo sun juya wa teku baya suna ɗaukar hoto!

Ta cire takalmanta, ta ɗaure bakin hijabinta a ƙugu, ta miƙe. Sandarta ba ta da amfani a nan, nutsewa take yi cikin yashi, sai ta bi kunnenta. Ta yi karo da kujerar wani, ta ba da haƙuri, ta take ramin da yara suka haƙa, ta ci gaba. Yashin ya fara sanyi a tafin ƙafarta.

"Malama! Malama Zaituna!" Rashid ya sha gabanta yana haki. "Ittaƙillah, ki koma!"

To, a nan gizo ke saƙar. Malam Rashid ɗalibin fiƙihu ne, tun da ya balaga bai taɓa riƙe hannun macen da ba muharramarsa ba, kuma Zaituna ta san da haka sarai. Iyakarsa ya tsaya a gabanta ya yi magana. Ta taka gaba, ya ja da baya. Ta ƙara takawa, ya ƙara ja, yana jawo ayoyi kan jefa kai cikin halaka, ita kuwa tana gyara masa madda. Bai ankara ba sai da igiyar ruwa ta dake shi ta baya, ta jiƙa farar jallabiyarsa har gwiwa.

"Murja! Zo ki riƙe ta mana!"

Murja ta iso da gudu ta kama hannunta.

"'Yar'uwa," in ji Zaituna a hankali, "in za ki riƙe ni, gaba za ki kai ni. In ba za ki iya ba, ki sake ni."

Murja ta dubi ruwan, ta dubi ƙawarta. Tsoron ruwa take ji kamar me, amma ta san tun yaushe Zaituna ke zancen wannan rana. Ta saki hannun.

Sanyin ruwan ya kama idon sawun Zaituna, ya janye yashin da ke ƙarƙashinta kamar ana zare tabarma. Ta yi salati da ƙarfi. Sai wata murya mai kauri ta taso daga cikin ruwan da Larabcin Masar.

"Yalla, 'yata, miƙo nan, bi muryata! Kai kuma ya shaikh, matsa ka ba ta hanya."

Wata dattijuwa ce, Hajja Widad, tsaye cikin ruwa da baƙar abayarta kamar yadda matan garin suka saba. Ta cafke hannun Zaituna da hannu mai kaushi, ta ja ta har ruwa ya kai ƙugu. Wata igiya ta zo ta maka su, Zaituna ta faɗi, ta sha gishiri ta baki ta hanci, ta taso tana tari tana dariyar da ita kanta ba ta san tana da irinta ba.

"Tamam!" in ji Hajja Widad. "Yanzu kwanta da baya, hannuna yana ƙarƙashinki. Saki jikinki, ruwan nan yana ɗauke da ni da duk ƙibata, ke ce zai kasa?"

Zaituna ta kwanta. Da farko ta sandare, daga baya ta saki wuyanta, ta buɗe hannuwa, ƙafafunta suka rabu da ƙasa.

"Hajja, cire hannunki."

"Kin tabbata, 'yata?"

"Cire."

Dattijuwar ta cire. Tun da Zaituna ta fara tafiya a duniya, ko dai tana riƙe da wani abu, ko wani yana riƙe da ita: bango, sanda, gefen zanin innarta. Yau babu ko ɗaya. Kunnuwanta suka nutse, ihun Rashid da na Murja suka ɓace, rana tana dukan fuskarta, teku yana ɗaga ta yana saukewa. Farin ciki ya cika mata ƙirji har hawaye ya zubo ya bi ruwan. Ta daɗe a haka, kuma babu wanda ya tashe ta sai da ta ga dama da kanta.