Tocila Ta Shida

"Toshe ƙasan ƙofar nan, Uwar Faɗa. Rana na leƙo min."

Nas ta tura tsumma da ƙafa. Ƙarfe biyu ne na rana, amma a ɗan ɗakin ajiyar da maƙwabcinta Baba Injiniya ya mayar wurin aiki ko hannunta ba ta gani. Sai warin dalma da na tsohon batir, warin da ta sani tun tana 'yar firamare, lokacin da mahaifinta ke aiko ta da tocilarsa a gyara.

Tsohon ya kunna tocilar kasuwa, irin ta roba, ya haska tafin hannunsa.

"Me kika gani?"

"Hannun gawa."

"Madalla. Yanzu fa?"

Ya kashe, ya kunna wata tsohuwar tocilar ƙarfe da ya kwana goma yana yi wa aiki. Hasken ya sauka a hankali kamar na hantsi. Ga jan jini a tafin, ga layuka, ga tabon ƙuna na shekara talatin da ya yi yana hawa falwaya a kamfanin tarho.

"Kin gani? Waccan ihu take yi, wannan magana take yi."

Abin da ya kawo su nan, wata uku ke nan Nas tana rigima a asibitin da take aiki. Ɗakin jarirai ba shi da taga, kuma da zarar wuta ta ɗauke sai ma'aikata su duba yara da fitilar waya. Wannan farin haske mai shuɗi-shuɗi yana ɓoye ciwon shawara. An sallami wani jariri a kan lafiyarsa lau, bayan kwana huɗu aka dawo da shi idanu kamar kwaiduwa, kuma har yau ba ya ji. Ta rubuta takarda uku. Amsa ɗaya ake ba ta: a yi haƙuri, ana dubawa. Da ta zo ta juye wa Baba haushinta, sai ya ce ta nemo masa tsofaffin tocilolin ƙarfe shida, ɗaya ga kowace ma'aikaciyar ɗakin. Ƙwayayen hasken kuwa, masu nuna launi yadda Allah ya yi shi, ɗansa ya aiko da su daga nesa, guda bakwai cif, kuma sai da suka yi wata biyu a hanya.

Ta karɓi tocilar tana dariya. "Bari in fara da kai. Buɗe ido, majinyaci."

Ta haska. Dariyar ta tsaya.

Farin idonsa ya rine, ruwan ɗorawa sosai.

"Baba, tun yaushe fitsarinka ya canza launi?"

"Kai, wannan yarinya ba ki da kunya."

"Tun yaushe?"

Ya kau da kai. Ta banko ƙofa ta fita tsakar gida, inda matarsa ke shanya.

"Inna, ba ki ga idon Baba ba?"

"Mun dai ga ya rame. Muka ce tsufa ne."

"Tsufa! Komai tsufa, komai a yi haƙuri! Mutum yana narkewa a gabanku..."

Sai ta tuna. Kullum sai ta shigo gidan nan in ta taso daga aiki. Kullum tana zama da shi ƙarƙashin farin ƙwan falo tana zagin waɗanda ba sa duba majinyaci da kyau. Ita ma ba ta gani ba.

Baba ya fito yana dafa bango. "To, aƙalla kin tabbatar tocilata na aiki."

Ya ce ba zai je asibiti ba sai ya gama sauran biyar. Ta ce ko a kafaɗa sai ta kai shi. Suka yi ta ja har Inna ta raba: zai je gobe, ita kuma Nas za ta koyi riƙe ƙarfen narka dalma.

Hanta ce, kuma ciwon ya riga ya yi nisa. Bayan mako guda likita ya ce gara ya koma cikin iyalinsa. Hannunsa ya soma rawa, ko sukudireba ba ya iya murɗawa. Aka kawo masa kujera mai hannu ɗakin aikin, Nas ta hau ɗan bencinsa.

Ta san teburin nan kamar ɗakin uwarta. Gwangwanayen madara cike da sifirin da makunnai, filaya mai jan hannu, hantsaki, magagari uku, mitar gwada wuta da aka ɗaure murfinta da roba. A da, duk layin nan ba gidan da ba shi da tocilar da ta ratsa teburin. Masu gadi, mai shayi, ungozoma, har direbobin dogon zango, nan suke layi ranar hutu, ana hira ana gardamar ƙwallo. Yanzu in tocila ta mutu jefar da ita ake yi. Shekara goma ke nan Baba yana gyara wa kansa kawai, yana jera su a kanta.

"Goge tagullar nan har ki ga fuskarki. Nan zafi ke bi ya fita. Sai farin man nan mai janye zafi. A'a! Ɗigo ɗaya, ba jariri kike shafa wa ba."

Ta ɗora ƙwan, ta kawo ƙarfe. Dalmar ta ƙi kamawa. Ta danna da ƙarfi, ta daɗe. Wani siririn hayaƙi ya tashi, ƙwan ya yi baƙi.

"Shi ke nan, kin kashe na ajiya," in ji shi. "Saura biyar, tocila biyar. Dalma ba shugaban asibitinku ba ce, ba ta jin faɗa. Ki ɗumama wurin, ki ƙirga uku, ki janye. Ita za ta zo da kanta."

Ta ciji leɓe. Duk duniya shi kaɗai ke gaya mata irin wannan ta yi shiru.

Ta biyu ta kama. Ta uku ma. Kowacce aka gama sai a toshe ƙofa, ya miƙo tafin hannunsa a gwada. Kullum hannun na ƙara zama rawaya, kullum sai ya ce, "Haske ya yi." Wani lokaci barci ya ɗauke shi tana tsakiyar aiki, ya farka yana ba ta labarin wata falwaya da ya hau ana ruwan sama, ko ranar da ta zo tana kuka an ƙwace mata tocila a makaranta, ta ce sai ta kai hedimasta ƙara.

"Tun kina da tsawon teburin nan kike kai ƙara."

Ranar da suka gama ta biyar, da ƙyar ya ɗaga hannun.

"Baba, mu ƙarasa ta shida yau."

"Hannunki ya gaji. Mai gajiya ba ya taɓa ƙwan ƙarshe. Gobe."

Washegari da safe wuta ta ɗauke a ɗakin jarirai. Wata uwa ta riga ta ɗaure kayanta za ta tafi gida. Nas ta ciro tocilar farko daga aljihu, ta danna goshin jaririyar matar da yatsa, ta haska. Rawaya, kaɗan, irin wanda fitilar waya ba za ta taɓa nunawa ba. Ta ce a kwance kayan. Da aka tashi aiki har da gudunta, tana shirya yadda za ta ba shi labari.

Tun daga bakin layi ta hango takalma a ƙofar gidan Baba.

Inna ta ce da hantsi ya cika. Ya nemi ruwa, ya tambaya ko an cire ƙarfen daga wuta, ya juya ga bango.

Sai da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, bayan mako guda, Inna ta leƙo gidansu Nas da makulli a hannu.

"Ya ce akwai sauran aiki."

Komai na nan yadda suka bari. Ƙwan ƙarshe na cikin murfin kwalba, ya rufe shi da ƙyalle. Nas ta goge tagulla har ta ga fuskarta. Ɗigo ɗaya. Ta ɗauki ƙarfen. Ta ajiye. Ta dubi kujera mai hannu, ta jira har numfashinta ya daidaita, ta sake ɗauka. Ɗaya, biyu, uku. Dalmar ta kwanta da kanta, tana ƙyalli.

Ta ɗaura murfi, ta zura batir. Inna da ke tsaye a bakin ƙofa ta shigo, ta rufe, ta tura tsumman da ƙafa ba tare da an gaya mata ba. Duhu ya rufe su.

"Shekara arba'in da biyu," in ji Inna, "bai taɓa bari na ga gwajin nan ba. Wai ina tsorata masa ƙwai."

Nas ta danna makunni.

Hasken ya sauka a kan hannun kujerar, inda gumin tafinsa ya cinye fenti. Inna ta matso a hankali, ta ɗora nata hannun a wurin, ta juyo da tafin sama.