Ranar Da Fintan Ya Tayar Da Mota

"Kauce daga bayan labulen nan, yana ganinka," in ji Nuala, tana zuge zif ɗin rigar ruwanta.

Fintan bai kauce ba. A ƙofar gida maƙwabcinsu Malachy Tuohy ya tsayar da motarsa, ya fito cikin yayyafi, ya zagayo ya buɗe ƙofar gaba yana jira. Tuzuru ne ɗan shekara saba'in da biyu, amma ji yadda ya taje suma.

"Sai ka ce wanda ya zo ɗaukar amarya," in ji Fintan.

"Amaryar da mijinta ya bari a ƙasa. Ga taka motar can, sarkin gobe. Tayar da ita in shiga."

"Asabar zan duba ta."

"Wace Asabar ɗin? Ta bana ko ta baɗi?"

Ta fice. Yana kallo Malachy ya faɗa mata wani abu, ta tuntsire da dariya tun kafin ta zauna.

Tun bikin Ista motar Fintan take ajiye a gefen rumfar tumaki, ciyawa ta tsiro har ta rufe tayoyinta. Ba wani babban ciwo gare ta ba, kik ɗin da ke tayar da inji ne ya mutu. Sabon kik ɗin ma ya saya, yana nan cikin kwalinsa a kan firij, Nuala tana ɗaga shi ta goge ƙura ta mayar. Mutumin da ya shekara ashirin yana gyaran injin jiragen masunta, wannan ai ba aikin awa guda ba ne a wurinsa. Amma yau ruwa, gobe ciwon baya, jibi ana buga ƙwallo. Daga ƙauyensu zuwa garin Belmullet kuwa mil goma sha biyu ne, cefane kuma ba ya jira. Shi ya sa kowace Alhamis Malachy yake kai ta.

Kishi ne ke cin Fintan, ba wani abu ba, ko da yake da za a yanka shi ba zai amsa ba. Shekara arba'in da aure, ya manta rabon da ya ba ta dariya irin waccan. Takan dawo fuska a sake, bakinta cike da "Malachy ya ce". Ya sani sarai ranar da ya ɗaura kik ɗin nan magana ta ƙare. Sai dai a ganinsa, in ya gyara yanzu, ya nuna ke nan abin ya dame shi.

Cikin Oktoba Malachy ya fara ramewa. Aka kai shi asibiti a Castlebar, bayan kwana tara aka sallamo shi da jakar magani, likitoci sun ce ya je gida ya huta. Kowa ya gane. Nuala ta karɓi tuƙin motarsa, ta karɓi girkinsa da wankinsa, tunda ƙanwarsa ɗaya tilo tana Birmingham.

Sau ɗaya Fintan ya leƙa, da buhun makamashi a kafaɗa. Ya tarar da shi a kujera gaban murhu, wuyan riga ya yi masa yawa.

"Fintan, ka gyara motar nan," in ji Malachy, murya ƙasa-ƙasa. "Ba zan daɗe ina yi maka direba ba."

"Wa ya roƙe ka tun farko?"

"Ba kowa. Ita ma ba ta roƙa ba."

Fintan ya dire buhun da ƙarfi fiye da yadda ya yi niyya, ya ce tumaki na jiransa.

Ranar wata Talata Nuala ta fita tun da sassafe, ko shayi ba ta haɗa masa ba. Ya soya ƙwai ya ƙone. Da ya shiga ɗaki ɗauko safa, sai ya ga babu bargon ulun da mahaifiyarsa ta saƙa musu na aure. Bai buƙaci a faɗa masa inda bargon ya kwana ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya sauko da kwalin daga kan firij, ya kwashi sifanu, ya kwanta cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa yana zagin kowane noti. Minti hamsin aka yi. Ya jona batir da na tarakta, ya murɗa makulli, motar ta yi tari sau biyu ta kama.

Daɗi ya kashe shi. Ya taka totur har baƙin hayaƙi ya turnuƙe rumfar, ya sake takawa, ya danna oda sau uku don a ji a can gidan. Yana cikin haka ya ga an buɗe tagar ɗakin Malachy, an saki labulayen sauran tagogin ɗaya bayan ɗaya. Nuala ta fito ba rigar ruwa, ta tsallako titi a hankali.

"Kin ji ta kuwa?" ya ce ta taga, amma muryarsa ta riga ta sauka.

"Kashe ta."

Ya kashe.

"Ya cika," ta ce. "Mutum na neman numfashi, kai kana ruri da injin a kunnensa. Abin da ya ji na ƙarshe a duniya ke nan."

Fintan ya dubi hannuwansa da suka yi baƙi da mai. "Ya ce wani abu?"

"Ya buɗe ido ya ce, 'To, ya gyara.'"

Maƙwabta ne ke haƙa kabari, don haka washegari Fintan ya shiga ramin tare da maza uku. Ya fi kowa daɗewa da shebur, ba wanda ya ji ya ambaci ciwon baya. Ranar jana'iza motarsa ce ta uku a bayan gawa, Nuala na gefensa, fuskarta a gilashi.

Alhamis ta zagayo, ya kai ta Belmullet. Ta gama cefane cikin rabin awa, ta shiga wani shago ta fito da ƙunshin soyayyen dankali guda biyu. A hanyar dawowa ta ce, "Yi dama a nan."

"Nan ba hanyar gida ba ce."

"Na sani."

Hanyar ta ƙare a wata tsohuwar mashigar jiragen ruwa, ba kowa sai tsuntsaye. Ta nuna masa inda zai tsaya, daidai wani wuri da tayoyi suka kwantar da ciyawa. Ta miƙa masa ƙunshi ɗaya.

"Nan kuke zuwa?"

"Kowane mako."

Ya aza ƙunshin a cinyarsa. "Me yake ce miki?"

"Ba ya cewa komai. Ni ke magana, shi yana ji."

Fintan ya kashe injin, ya gyara zama, ya juyo gare ta yana jira. Ta ɗauki dankali ɗaya ta riƙe, idonta a kan ruwa. Yayyafi ya sauko ya rufe gilashin gaba, ƙunshin da ke cinyarsa yana ta hucewa.