Ƙyallen Matatar Mairamu

"To fasa ta mana, Baban Fatahu," in ji Hawa. "Ka fasa, sannan ka gaya mini abin da za su sha."

Mijinta Nomau na tsaye bakin randa, riƙe da abin rigimar: gorar roba ce aka yanke wa gindi aka kife, aka jera gawayi da rairayi da tsakuwa a ciki, aka ɗaure bakin da ƙyalle. Aikin 'yarsu Mairamu ne. Mushen lakwal, wato malaminsu, ya nuna musu kafin a rufe makarantar, ita kuwa ta zo gida ta haɗa, ƙanenta Fatahu na daka mata gawayi.

Tun da kamfanin ma'adinai ya sallami Nomau, aka fitar da su daga gidajen ma'aikata na Akokan, ruwan famfo ya zama labari. Na mai jaki suke saye, ja wur, mai laka. Fatahu ya yi ta zawo har idanunsa suka faɗa. Uban kuwa ya tafi Agadas neman aiki, tawaye ya rufe hanya, ya maƙale can.

Ranar da ruwan ya ɗigo daga gorar fari tas, har guɗa Hawa ta yi. Zawo ya tsaya. Matan unguwa suka yi ta zuwa kallo, har matar maƙwabcinsu Ahmudu, wadda gaisuwa ke yi wa nauyi, ta aiko a yanko mata ƙyallen.

To ƙyallen ne Nomau ya gani da dawowarsa, mai kauri, da tabo ɗorawa-ɗorawa a gefe. Ya ce na masana'anta ne, da shi ake tace garin uraniyom. Gubarsa ba wari, ba ɗanɗano, wanki ba ya fitar da ita, sai bayan shekaru take tashi a jiki. Hawa ta ce ita ba ta ga guba ba, yaro ta gani ya miƙe ya ci tuwo. Baki ne kawai, a ranta tana tuna gidajen da ta raba wa ƙyallen.

Ya shiga tsine wa marar imanin da ya sayar wa yara wannan abu. Ta bar shi ya tsine son ransa.

"Ba saye muka yi ba," ta ce. "A buhunka yake, ƙarƙashin gado. Wanda ka shigo da shi ranar sallama, ka ce kasuwa za ka kai."

"Na ce kada a taɓa."

"Ba ka ce don me ba. 'Ya'yan wa ka so su saya?"

Sai ga Fatahu da moɗa, wai ƙishirwa yake ji. Hawa ta dubi jan ruwan bokiti, ta dubi farin na randa, ta miƙa wa uban moɗar ta ce ya zaɓa masa.

Nomau bai karɓa ba. Ya dire gorar tana ta ɗiga, ya fita, ya buga ƙofar langa-langa har ƙasa ta zubo daga soro.