Furannin da Jelani Ya Tara

Maccido ya dawo Rimawa da kaka, shekara guda bayan an gama yaƙin Burma. Ya zo da akwatin ƙarfe irin na soja, da bargo, da wani kwando mai murfi wanda bai yarda kowa ya ɗaukar masa ba tun daga tashar jirgin ƙasa ta Gusau har ƙofar gida. Da aka gama koke-koke da gaishe-gaishe, matarsa Hauwa'u ta ɗaga murfin, tana zaton tufafi ne ko turare. Sai ta ga guntayen gora a jere, kowanne da tsiro a ciki, ganyensa dogo mai kauri kamar harshen saniya.

"Magani na?" ta tambaye shi.

"A'a."

"To, miya aka yi da shi?"

"Hure na kawai," in ji Maccido. "Kuma ba nawa na ba. Na Jelani na."

Jelani ɗan wani baduku ne na Wurno. A bayan motar da ta kwashe su zuwa bariki suka fara haɗuwa da Maccido, daga nan kuma ba su rabu ba, kamfaninsu ɗaya, tantinsu ɗaya. Maccido manomin albasa ne, ba ya son yawan magana. Jelani kuwa bakinsa ba ya hutawa, haka ma hannunsa, kome ya samu sai ya tuƙa shi ko ya ɗinke shi. Wata rana a can Burma suna hawan wani tsauni cikin kurmi, kaya niƙi-niƙi a ka, Jelani ya tsaya cak a gaban wani dutse mai gansakuka. Fure ne ya tsayar da shi. Ƙasan furen wata 'yar jaka ce mai baki a buɗe, sak takalmi sau-ciki na jariri, ga kunnuwa biyu sun sauko ta gefe a murɗe. Ya ce wa Maccido ya zo ya ga ɗinkin da babu zare babu basilla, ya ce in ya ba innarsa labari ba za ta yarda ba, sai dai ya kai mata ta gani.

Da harbe-harbe suka ƙare aka ajiye su a wani sansani a gindin tsaunuka suna jiran jirgin ruwa, Jelani ya shiga tara furen. Ba ya shan taba, don haka rabonsa na sigari yake ba mutanen tsauni, su kawo masa iri-iri. Su suka koya masa cewa ba a dasa shi cikin ƙasa, sai cikin ɓawon itace da gawayi, kuma yana son inuwa da laima. Kafin jirgin ya iso zazzaɓi ya kama Jelani, bai tashi ba. Maccido ya ɗauki kwandon. A cikin jirgi yakan raba ruwan shansa da tsiron, duk da haka kusan rabi suka mutu a teku.

Bai daɗe a gida ba ya ɗaura wa jaki kwandon, ya bi ta Goronyo ya nufi Wurno. Ya tarar da mahaifiyar Jelani, Kaltume, tana kaɗi a ƙarƙashin rumfa. Tsohuwa ce siririya, mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta Hassana tana aure a Rabah, ita kaɗai ce a gidan. Labarin rasuwar ɗanta ya riga ya zo mata tuntuni ta bakin ɗan saƙon hakimi. Maccido ya durƙusa nesa kaɗan ya faɗi sunansa.

Ta ajiye mazari. "Kai na Maccidon da anka ce ba ku rabuwa?"

"Ni na, Inna."

Ta kawo masa ruwa da fura, ta bari sai da ya sha. Sannan ta yi tambayar da ta daɗe tana ci mata rai: an yi masa wanka, an yi masa salla? Maccido ya ce an yi. Shi da limamin kamfaninsu suka wanke shi, aka sa shi a farin likkafani, mutane masu yawa suka sallace shi, aka fuskantar da shi alƙibla a ƙarƙashin wata babbar itaciya. Kaltume ta ce alhamdu lillahi, ta rufe fuska da gefen mayafi, ta daɗe a haka. Maccido ya zauna yana kallon ƙasa har ta sauke mayafin.

Sai ya jawo kwandon ya ba ta labarin tsiron, yana fitar da gorunan ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a inuwa. Wasu suna da fure, don furen yakan daɗe a jikin kara bai yi yaushi ba, wasu kuwa ganye ne kawai. Kaltume ta matso a kan gwiwoyinta. Ta sa ɗan yatsa a bakin jakar wani fure, ta janye da sauri, ta yi 'yar dariya da hawaye a idonta.

"Wallahi takalmi na. Har da dunduniya."

"Inna, ki zaɓi waɗanda kika so," in ji Maccido. "Sauran in koma da su Rimawa in aje kusa ga gulbi. Kada a haɗa su wuri guda, in wani abu ya samu wanga gida su tahi gaba ɗaya."

Ta duba gindin randarta, inda yashi ba ya bushewa. Wurin ba zai ɗauki fiye da gora uku ba. Maccido ya buɗe baki zai gaya mata wanda Jelani ya fi so, ta ɗaga masa hannu.

"Kada ka hwaɗa mini. Ni nis san ɗana. Bari in gani ko ina iya gane abin da yat tsai da shi."

Ta fara da wani mai ruwan ɗorawa, yana sheƙi kamar an shafa masa man shanu, kunnuwansa faffaɗa a miƙe. Ta juya shi, ta ce kyakkyawa ne amma ba shi da wasa, a kai wa Hassana Rabah, ita ce mai son abu tsaf-tsaf. Ta ɗauki wani mai furanni da yawa a kara guda, kunnuwansa dogaye masu duhu, sun murɗe sun zubo kamar gezar jakar fata. Wannan ba ta ko yi shawara ba ta ajiye shi a gefenta. Ta ce tun Jelani yana ƙarami in ubansa ya yanka fata, shi ne mai tsince ragowar yana murɗawa, har igiyar guga sai da ya taɓa warwarewa ya sake tuƙa ta don wai tuƙar ba ta yi masa kyau ba.

"Shi na na farko da yag gani bisa dutse," in ji Maccido.

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa abin da ta riga ta sani. Na biyu ya ɗan ba ta wahala. Akwai wani mai farar hula a sama, gefen kunnuwansa a lanƙwashe kamar bakin zane mai tattara, akwai kuma wani mai gashi-gashi, kunnuwansa a buɗe, ƙarshensu ja-ja mai duhu ya juya sau ɗaya kamar murɗen azurfa. Ta riƙe su hannu bibbiyu tana kai su haske tana dawo da su. Daga bisani ta ce lanƙwasa daban, murɗa daban, ta ɗauki mai gashin. Na uku ta sake ɗaukar wani mai dogayen kunnuwa, ƙanen na farko, ta ce ai a cikin ukun nan wanda ya fi so yake.

Maccido ya kai ido can ƙarshen layi. Ta dube shi.

"Ban daidaita ba?"

Ya miƙa hannu can ƙarshen layi ya ɗauko wani ɗan guntun gora da ba ta ko kalla ba. Tsiron gajere ne, babu fure, ganyensa da dabbare-dabbare. Ya ce wannan furensa fari ne, ƙarami, zagayayye, da ɗige-ɗige kamar ƙwan zabuwa, kunnuwansa ba murɗa ko kaɗan. Shi Jelani yake ajiyewa a kusa da kansa. Ko da ciwo ya tsananta, shi yake cewa a matso masa da shi.

Kaltume ta karɓi goran ta riƙe a cinya. Ta daɗe tana shafa ganyen da babban yatsa.

"Ashe ya sake can," ta ce a hankali. "Akwai abin da yaz zama wanda ban gani ba." Ta mayar da na ukun cikin kwando, ta sa wannan a madadinsa. "Bar mini shi. In ya yi hure in ga mi yag gani."

Tun daga ranar Maccido ya riƙa zuwa Wurno. In ya kawo albasa kasuwa sai ya biya, wani lokaci ma ba albasar. Yakan zo da gawayi da ɓawon marke, su zauna su biyu suna sake wa tsiron wurin zama. Kaltume ta rataya tsohon buhu a bakin rumfa tana jiƙa shi safe da yamma, ta hana akuyar maƙwabta shiga, ta daina zubar da ruwan toka a wajen. Matan unguwa sukan leƙo su ga takalman aljanu, kamar yadda suka raɗa musu, ita kuwa takan ce musu ba na aljanu ba ne, na ɗanta ne. A wurin aikin nan ne bakin Maccido ya fara buɗewa. A gida ba ya zancen Burma, ko Hauwa'u ba ta tambaya, don ta ga yadda yake firgita in an buga ƙofa da ƙarfi. A gindin randar Kaltume kuwa sai ya sami kansa yana ba da labarin ruwan da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku, da ranar da Jelani ya ɗinke wa sajansu takalmi da wayar tarho. Ita kuma ta ba shi na ƙuruciyar Jelani. Wani lokaci su yi dariya, wani lokaci kowa ya kama aikinsa shiru.

Da ɗari ya shiga, tsofaffin furannin suka zube, amma ɗan gajeren ya fitar da toho. Kaltume ta aika a gaya wa Maccido, ya zo ya same ta zaune a gabansa. Furen ya buɗe, fari da ɗige-ɗige, kansa a sunkuye har yana taɓa ganye.

"Diba shi," ta ce. "Kamar mai jin kunya. Jelanin da nis sani ba shi da kunya ko ta kobo." Ta share ido. "Ko da yake, in ya gaji, hakanan yaka aza kai bisa ƙahwata."

Bazara ta zo da zafin da ta saba. Na Rimawa suka fara mutuwa, duk da Maccido ya haƙa musu rami a inuwar mangwaro yana yayyafa ruwa. Na Hassana ma aka aiko cewa ya bushe. Na Kaltume suka fi jurewa, amma ganyen ya yi rawaya, ya yi laushi daga gindi. Mai gashin ya tafi, mai dogayen kunnuwa ya bi shi. Ranar da Maccido ya zo ya ga ɗan gajeren ya kwanta, ya zazzage goran a tafin hannu, saiwar ta zama kamar busasshen zare. Ya yi sallama tun rana ba ta yi sanyi ba, ya koma gida, bai sake zuwa ba. Gani yake an ba shi amana ya kawo ta har gida ta mutu a hannunsa, kuma ba shi da abin da zai shiga gidan da shi.

Kaltume ta jira har aka yi shuka gero ya fara rufe ƙasa. Sannan ta bi ayarin masu kai gishiri Goronyo, a kan jakin aro, daga can ta tambayi hanyar Rimawa. Maccido yana dawowa daga gona da fartanya a kafaɗa ya same ta zaune a tsakar gidansa, ta kwance ƙullin kayanta, tana yi wa Hauwa'u faɗa a kan ɗaukar tulu da tsohon ciki.

Ya durƙusa. "Inna, da kin aiko ai da na zo."

"Da ka zo da ban taso ba," ta ce. "Kai, Maccido, huren ga an ce in gani, na gani. Ƙasarsu ba tamu ta ba, sun yi kwanan da Allah yab ba su. Mi ah haɗin wannan da ƙahwarka?"

Ta juya ga Hauwa'u ta tambaye ta wa zai zauna da ita in ta haihu. Hauwa'u ta ce mahaifiyarta ta rasu, sai dai wata gwaggo da ke Kagara, ita ma ƙafa ta hana ta tafiya.

"To, a share mini ɗaki," in ji Kaltume. "Kai kuma ka tara itace, na ga babu ko na kwana ukku."

Hauwa'u ta haifi 'ya mace ana tsakiyar damina, aka sa mata Fatsuma. Kaltume ce ta dafa ruwan wanka, ta dama kunun kanwa, ta goya jaririyar ranar da uwar ta fara fita. Ta ce in an yi arba'in za ta koma Wurno, amma sai da aka yanke gero Maccido ya raka ta, shi a ƙasa ita a kan jaki, tana yi masa lissafin abin da bai kamata a ba yarinyar ba in ta fara cin abinci.